Tumatir ɗina na ta mutuwa a tsaye da ɗanyen ganyensa, me zan yi?

Maman 'Yan Biyu, Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan uwa, sannunku da ruwa. Dan Allah wanda ya san harkar shuka ya tsaya ya karanta, maganar tawa da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

A Aboabo nake nan Kumasi, gidan haya ne amma ɗakinmu shi ne na ƙarshe, to a bayansa akwai ɗan fili tsakaninmu da katangar maƙwabta, taku bakwai a tsawo, faɗin kuma bai fi huɗu ba. Da can bola ake zubarwa a wurin. Shekara uku kenan na roƙi mai gidan ya bar min, ni da yarana muka kwashe ledar piya wata da fasassun kwalabe har buhu shida, muka kewaye da tsohon kwano da yagaggen gidan sauro saboda kaji. Alhamdulillahi yanzu akwai alefu (alayyafo), ayoyo (lalo), kuɓewa layi biyu, tonka (barkono) gindi biyar, gauta uku, zogale, kontomire (ganyen gwaza) a inda ruwan kwano ke zuba, sai borodi (ayabar dafawa) ɗaya a kusurwa da ya haihu sau biyu, da gwanda guda biyu.

Kullum in na idar da sallar asuba kafin in ɗora ruwan koko nan nake fara leƙawa, in tsince katantanwa a ƙarƙashin ganye in zuba a gwangwani, in cire ciyawa, kuɓewar da ta isa in yanke don in ta kwana biyu sai ta zama icce, sannan in dawo in shirya yara makaranta. Da yamma kuma in ba a yi ruwa ba yaran su ɗebo a rijiya su yi ban ruwa. Wallahi ban taɓa jin aikin ya yi min nauyi ba, rabona da sayen ganyen miya a kasuwa na manta.

To matsalata tumatir ne. Watan Afrilu na sayo iri na leda a shagon masu kayan noma a Kejetia, na yafa a tsohuwar robar wanki, suka fito lafiya, na dasa guda 18, na kafa musu sanduna na ɗaure da tsumma. Suka yi kyau har maƙwabta na leƙowa ta katanga, suka yi fure suka fara 'ya'ya kamar ƙwan zabo. Sai ran nan da rana na ga ɗaya ya langaɓe kamar an zuba masa ruwan zafi, na ce ƙishi ne na ba shi ruwa, da safe na ga ya miƙe na ji daɗi, rana na yi ya sake kwanciya, kwana uku shi kenan ya tafi. Kuma abin da ya ɗaure min kai ganyen bai yi ja ba bai yi ɗorawa ba, kore shar yake ya mutu a tsaye da 'ya'yansa a jiki. Daga shi sai na kusa da shi, sai na gaba, layin ya bi gangare har inda ruwa ke kwanciya. Na sa takin zamani, na sayo magani na fesa sau biyu, kuɗin ya tafi a banza. Yau da nake rubutun nan 11 sun mutu saura 7, kuma jiya na ga tonka ɗaya ita ma ta fara sunkuyar da kai, hankalina ya tashi ƙwarai don tonkar nan shekararta biyu tana ba ni.

Bara ma haka aka yi a wannan wurin amma na ɗauka irin ne ba kyau, don na bara daga tumatirin kasuwa na matse.

Sai ta biyu, gwandata ɗaya shekara ɗaya da rabi fure kawai take yi a kan dogayen sillaye ba ta taɓa ɗa ko ɗaya ba, ɗayar tana haihuwa amma wani farin abu kamar auduga ya cika ƙasan ganyenta da jikin 'ya'yan, ga tururuwa na hawa da sauka. In sare mara haihuwar ne? Na gode, Allah ya saka.

Ɗan Nima:

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ni ba masani ba ne amma ina ganin ruwa ne ya yi masa yawa. Ku Kumasi ai ruwanku ba irin namu ba ne, watan shida kullum sama a haɗe, kuma kin ce kina ƙara masa wani in ya langaɓe, to saiwar ce take ruɓewa.

Mu a Nima nan Accra ina muka ga fili, ɗaki ma da ƙyar, ni duk nawa a buhun shinkafa da bokitin fenti suke a saman bene, buhu tara na tumatir huɗu na barkonon kpakpo shito. Ina huda gindin buhun wajen guri goma, in zuba tsakuwa kaɗan a ƙasa, sannan baƙar ƙasa da kashin raguna da ya bushe. Kashin kyauta nake samu wajen wani kawuna da yake kiwo, in Sallah ta wuce ma har roƙon mutane ake su kwashe. In hadari ya taso da iska sai in ja buhunan jikin bango. Galan biyu na ruwa ke isata a rana, in famfo ya ɗauke kuma ruwan alwala nake tarawa a baho, ba sabulu a ciki ai.

Ki gwada buhu. Gwandar kuma ni da ni ne sare ta zan yi, tana cin wuri tana yi wa kuɓewa inuwa ba amfani.

Malamin Gona, Tafo:

Salamu alaikum. Hajiya tun ban gama karantawa ba na gane ciwon, don kin kwatanta shi kamar a littafi. Noma na karanta a kwalejin gona ta Kwadaso kuma na daɗe ina yawo cikin masu tumatir ta wajen Akomadan, wannan abu ya sa manya kuka ba ke kaɗai ba.

Ƙanena na Nima ya kusa gaskiya amma ba ruwan kaɗai ba ne, ruwan ɗan aike ne. Wata ƙwayar cuta ce da take zaune a cikin ƙasa, ido ba ya ganinta, ta saiwa take shiga musamman inda saiwar ta ji ciwo wajen dashe ko wajen noma da fartanya, in ta shiga sai ta hayayyafa a cikin jijiyoyin da ke kai ruwa sama ta toshe su. Shi ya sa kike ganin ƙasa jiƙe sharkaf amma shukar na mutuwa da ƙishi. Da dare ba rana, ɗan ruwan da ke wucewa ya ishe ta sai ta miƙe, rana na buɗewa ta kwanta, ranar da hanyar ta toshe gaba ɗaya shi kenan. Zafi da danshi take so, to ga Kumasi da ruwan shekara wajen milimita 1,400, Accra kuwa wajen 800 ne, kin ga bambancin. Kuma da kika ce mutuwar ta bi gangare, ruwan sama ne yake ɗaukarta daga gindi zuwa gindi.

Amma kar ki yarda da maganata sai kin gwada da hannunki, gwajin ko pesewa ɗaya ba ya ci. Ki samu kofin gilashi mai haske ki cika da ruwa mai kyau ki ajiye ya natsu. Ki tuge ɗaya daga cikin waɗanda suka fara langaɓewa, ba wanda ya riga ya bushe ba, ki yanke karan kusa da gindi da wuƙa mai kaifi kamar tsawon yatsa, ki wanke ƙasar jikinsa, sai ki riƙe shi bakin yankan ya nutse kaɗan a saman ruwan, kar ki motsa kofin. Minti uku zuwa biyar, in ita ce za ki ga wani farin abu kamar zaren madara ko hayaƙi yana saukowa daga karan zuwa ƙasan kofin. In kin tsaga karan a tsaye kuma za ki ga cikin ya yi ruwan ƙasa maimakon fari. Ki duba saiwar ma tunda kin tuge, in kin ga ta yi ƙulli ƙulli kamar carbi to wannan wani ciwon ne daban, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne, su kuma kuɓewa da ayoyo ma ba su bari ba. Wani lokacin biyun a tare suke zuwa, tsutsar ta huda ƙwayar ta shiga.

In gwajin ya nuna farin zaren, zan faɗa miki gaskiya ko ba daɗi, babu maganin feshi da zai warkar da wanda ya kamu, ko mai shago ya ce miki akwai ki riƙe kuɗinki. Ki tuge duk masu ciwon da ƙasar gindinsu ki sa a leda ki fitar daga lambun, ki ƙona ko ki kai bola, kar ki jefa a ramin taki. Wuƙa da fartanya ki wanke da ruwan bilic kafin ki taɓa wata shuka. Ki haƙa ɗan lambatu ruwan wurin ya fita waje kar ya bi ta kan tonka da gauta, don tumatir da tonka da gauta 'yan ɗaki ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. Wannan kunyar kuma ki hutar da ita daga su ukun aƙalla shekara uku, ƙwayar tana daɗewa a ƙasa, shi ya sa na bara ya dawo miki bana. Ki zuba masara a wurin ko wake ko albasa, ba kasafai take taɓa su ba.

Tumatir kuma ki koma buhu kamar yadda ƙanena ya ce, amma da sharaɗi biyu, in ba haka ba wahalar banza ce. Kar ki ɗebi ƙasar lambun nan ki cika buhun, ki samo daga inda ba a taɓa shuka tumatir ba, in kina shakka ki jiƙa ta ki zuba a rabin duro ki rufe ki hura wuta a ƙasa ta turara sosai kamar ana dambu, ta huce sannan ki yi amfani da ita. Na biyu buhun kar ya zauna a ƙasa, ki ɗora a kan bulo.

Lokaci ma ki canja. Babbar damina a Kumasi, daga watan uku zuwa bakwai, ba lokacin tumatirin gida ba ne, ko bai mutu da wannan ba ganyen zai yi tabo fure ya zube. Ki yafa iri a watan goma, sati uku zuwa huɗu ki dasa, ya yi furensa cikin hunturu da dare ke da sanyi sanyi, wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe ki fara tsinka. Ai shi ya sa daga Disamba zuwa wajen Afrilu tumatirin da ke cika kasuwanninmu daga Burkina Faso da Navrongo yake saukowa, na rani ne da ban ruwa. Sai dai ban ruwan ya zama kullum daidai, ba yau ki cika gobe ki manta ba, in ana haka gindin ɗan tumatirin ke yin baƙi ya lotsa.

Gwanda mai dogayen sillaye namiji ne, ba zai haihu ba. Macen furenta babba ne guda guda manne da jikin icen. Kafin ki sare ki duba ko akwai wani namijin a unguwa, in babu kika sare, mai haihuwar ma tana iya dainawa sai in irin nan ce mai haɗa biyun a fure ɗaya. Farin abin kuma ƙwari ne masu tsotsar ruwan ganye, tururuwa zaƙin da suke fitarwa take bi har tana gadinsu. Ki yanke ganyen da suka cika ki ƙona, ki daka 'ya'yan nim (darbejiya) busassu cikin hannu biyu ki jiƙa a ruwa kamar lita biyu ya kwana, ki tace ki narka ɗan sabulun alata kaɗan a ciki, ki fesa ƙasan ganye da yamma in rana ta yi sanyi, duk sati har sau uku ko huɗu.

Tsohon Asawase:

Jikana ne yake buga min wannan ina faɗa yana rubutawa. 'Yata sannu, Allah ya yi miki albarka da kika mai da bola lambu, wannan ya fi min komai daɗi a cikin zancenki.

Malam ya yi bayani na ilimi ba ni da abin ƙarawa a kan ciwon. Mu da can ba mu san sunansa ba, cewa muke ƙasar ta gaji da tumatir, sai mu matsa gaba mu sa masara a wurin, ashe maganar ɗaya ce.

Ni lambu a zamanin shugaban ƙasa Acheampong na koya, 1972 da aka ce kowa ya ciyar da kansa, Operation Feed Yourself. Ina saurayi lokacin. Bayan gida, bakin hanya, filin makaranta, har ma'aikata masu taye in sun taso aiki fartanya suke ɗauka. Mahaifina Allah ya jiƙansa ya ba ni kunya huɗu a bayan garkenmu ya ce in sun mutu kai ne in sun rayu kai ne. Amfanin abin kuwa sai 1983 na gan shi da idona, shekarar fari da gobarar daji, ga 'yan uwa da aka koro daga Najeriya sun cika gidaje, kuɗi a hannu ba abin saye. Gidanmu rogo da kontomire da borodin bayan gida ne suka riƙe mu, mahaifiyata har maƙwabta take ɗibar wa ganye a ɓoye don kar a ji kunya. Tun daga ranar ban sake zama a gidan da ba shuka ba.

Abin da zan ce miki, ki daina sa ranki a kan tumatir. Duk wanda ya fara lambu shi yake so don ja ne yana da kyan gani, amma shi ne mai rakin cikinsu. Ƙasarmu ta nan ta ganye ce da borodi da rogo. Borodin nan naki ki kula da shi, 'ya'yan da ke fitowa a gindi kar ki bar su duka, uwa ɗaya da 'ya ɗaya da jika ɗaya sun isa, sauran ki cire ki ba mutane. In ya yi nono ki tokare shi da gora mai baki biyu tun kafin iskar hadari ta zo, na sha ganin an yi wata goma ana jira dare ɗaya iska ta kwantar. In kin sare nonon ki sassare uwar ki baza a gindin, da ɓawon rogo da tokar murhu, abincinsa kenan.

Kashin kaji da ake sayarwa a buhu haɗe da garin katako, kar ki zuba shi ɗanye, wuta ne, ƙona saiwa yake. Ki tara a gefe ki yayyafa ruwa ki rufe, ki riƙa juyawa duk sati biyu, sai ya daina zafi ya daina wari ya yi baƙi, wata biyu ko uku. In kin cusa hannu kin ji ɗumi bai yi ba.

Katantanwa kuma da fitila ake kama su bayan isha'i, lokacin suke fitowa kiwo, na asuba waɗanda suka riga suka ƙoshi ne kike samu. Ki kifa ɓawon gwanda ko tsohon katako a gefen kunya, da safe ki ɗaga za ki same su a tare. Toka a kewayen ƙananan shuka tana hana su amma in ruwa ya sauka sai an sake.

Gwandar namiji, mu da muna sare kansa mu kifa gwangwani, wai in ya sake toho zai zama mace. Na yi sau uku a rayuwata, sau ɗaya na ga ya ba da 'yan ƙananan 'ya'ya masu dogon wuya, sauran biyun ba komai. Ban ce ki yi ba, abin da na gani na faɗa.

Hajiyar Tuwo, Mamobi:

Baba Alhaji Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, kun tuna min da kakata.

Ƙanwata ni tuwon zafi nake sayarwa shekara goma sha, kuma ina gaya miki abin da kike da shi a bayan ɗakin nan ya fi tumatir 18 daraja, ke dai ba ki lissafa ba ne don ba saye kike ba. Ki zo ki ga yadda muke rububin ayoyo in rani ya yi, ƙulli ɗan mitsitsi ake miƙo maka kuma rabinsa kara ne.

Ni ina da kunya shida a filin yayana ta wajen Ashaiman, ayoyo huɗu alefu biyu, kuma ba na shuka su rana ɗaya, duk sati biyu nake yafa sabuwar kunya saboda kar su zo min a tare su tsufa a tare. Alefu sati uku zuwa huɗu ya isa. Ayoyo ya ɗan fi shi jinkiri kuma irinsa taurin kai ne da shi, in kika yafa haka nan rabi ba zai fito ba, ki ƙulle irin a tsumma ki tsoma a ruwan da ya tafasa aka sauke, ki ƙirga goma a hankali ki ciro ki tsoma a ruwan sanyi, ki baza a inuwa ya sha iska, ki gauraya da yashi ki yafa. Kwana uku huɗu za ki ga kunyar ta yi kore. Kuma kar ki tuge shi da saiwa irin na 'yan kasuwa, ki yanke sama ki bar kamar tsawon tafin hannu, zai yi rassa ki yanka sau uku sau huɗu. Da sassafe ake yanka kafin rana ta taɓa shi, yauƙinsa ya fi. Gindi biyu masu kyau ki ƙyale su su yi iri, in kwanson ya bushe ki murje ki zuba a kwalba da ɗan toka, kin huta da saye.

Kuɓewa in ta yi miki yawa ki yayyanka sirara ki shanya a faranti a kan kwano, amma yanzu da damina ba ta bushewa sai ta yi funfuna, gara ki raba wa maƙwabta ki jira hunturu ki yi busasshiyarki. Zogale ma a inuwa ake shanya shi ba a rana ba in kina so ya tsaya kore.

Abu ɗaya da zan roƙe ki da duk mai karantawa, ruwan gwata kar a ba shuka. Na san in rani ya tsananta ana jarabtuwa, ga shi yana wucewa a ƙofar gida kyauta, amma abin da za ka ci da 'ya'yanka ne, balle latas da kabeji da ake ci ɗanye. Ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye da na alwala duk ina tarawa, duro biyu kuma suna ƙarƙashin indararo, a rufe saboda sauro.

In kin samu wuri jikin katanga ki jefa karan dafi gindi biyar shida, ba ya son komai, ganyen in ya yi ja kin samu na waakye, shinkafa da waken nan.

Maman 'Yan Biyu, Aboabo:

Jama'a na gode na gode, Allah ya biya ku. Baba Alhaji na karanta naku sau biyu har na karanta wa maigidana, Allah ya jiƙan magabata.

Malam na yi gwajin yau da safe bayan yara sun tafi. Na ɗauko kofin gilashin da nake ba baƙi ruwa, na ajiye a bakin taga inda haske yake, na tuge wanda ya fara kwanciya shekaranjiya na yanka yadda ka ce. Da farko ban ga komai ba har hannuna ya fara gajiya, can sai ga shi, siririn farin zare yana saukowa a hankali daga gefe ɗaya na karan, sai na biyu, sai suka yi yawa har ruwan ƙasan kofin ya fara yin gari gari. Na kira maƙwabciyata ta zo ta gani ita ma ta riƙe baki, don nata gautan haka suka yi bara. Na tsaga karan, cikin ruwan ƙasa ne kamar yadda ka faɗa. Saiwar dai ba ƙulli, sumul take, wannan kam alhamdulillahi.

Na tuge duka har bakwai ɗin da suka rage, uku a cikinsu dama sun fara, huɗun ban so ba wallahi amma na ga gara in ceci tonka. Na tsinke ɗanyun 'ya'yan sun kai rabin olonka (gwangwanin awo), manyan na jera a tire ko za su nuna. Tonkar da ta sunkuya ita ma na cire. Maigida ya haƙa min lambatu ta jikin katanga da yamma, ruwan da aka yi da magariba duk ta nan ya fita bai kwanta ba. Gobe in Allah ya kai mu masara zan sa a wurin, gefe kuma ayoyo da dabarar ruwan zafin Hajiya, don ni da ma haka nake yafawa ina mamakin me ya sa yake fitowa jefi jefi.

Gwandar namijin na bar shi, na zaga har layi uku ban ga wani ba. Na rage masa ganyen da ke rufe kuɓewa kawai. 'Ya'yan nim kuma na aiki yara su tsinto a bakin makabarta.

Saura tambaya ɗaya Malam, tonka huɗu da gauta ukun da suka rage suna sama da inda ciwon yake, taku biyu tsakani, in ciro su in mai da buhu ko in ƙyale su?

Malamin Gona, Tafo:

Ki ƙyale su Hajiya, manya ne, in kin tuge saiwa za ta tsinke kuma ta nan ciwon ke shiga, ga shi ƙasar gindinsu za ki kwasa zuwa buhun. Tunda suna sama ruwa ba ya gangaro musu daga wurin, suna iya tsira. Kar ki yi noma da fartanya kusa da gindinsu, ciyawar da hannu za ki cire, ki rufe ƙasar da busasshen ganyen borodi don kar ruwan sama ya riƙa fantsama, kuma in za ki shiga lambun ki fara da su kafin ki taka tsohuwar kunyar, silifas ɗin ma ki ware na can daban. Ki tsinki tonka huɗu biyar da suka nuna sosai daga gindin da ya fi lafiya ki shanya ki ajiye iri tun yanzu, in watan goma ya zo sai ki yafa su tare da tumatirin a sabuwar ƙasa.